Macijiyar da Ta Zo Cikin Katan ɗin Kifi

Na ga abubuwa da dama a sana'ar kifi. Wasu na manta, wasu sai an taɓo zancensu nake tunawa. Amma akwai guda ɗaya da ba ya jiran a taɓo shi. Duk ranar da na yanke igiyar sabon katan sai ya faɗo mini a rai, kuma na tabbata haka zai ci gaba har ranar da za a kai ni makwancina. Zan ba da shi yadda ya faru, daga farko zuwa ƙarshe, domin ni ba na son labarin da ake farowa daga tsakiya.

A unguwar Kaladan nake zaune, a nan Tamale, arewacin Ghana. Kifin ƙanƙara nake sarowa daga Tema, can bakin teku, mota ta kawo mini a kwalaye, katan-katan. Wani in sayar ɗanye, wani kuma mu yi banda a bayan gida mu kai kasuwar Aboabo. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni son tsari, kuma da shi na riƙe sana'ata. A wurina ba a hura wuta sai an gama wanke kifi. Ba a buɗe katan na biyu sai na farko ya ƙare. Kowace wuƙa tana da ƙusar da ake rataye ta. Sannan akwai dokar da ta fi ba mutane dariya: duk abin da ya fito daga katan wanda ba kifi mai kyau ba, ko ruɓaɓɓe ne, ko guntun igiya, ko safar hannu ta roba kamar yadda muka taɓa samu, ba a zubar da shi. Ƙulle shi ake yi a leda a sa a firiza, har sai direban da ya kawo kayan ya gani da idonsa. Na kafa dokar ne tun wata shekara da na zubar da ruɓaɓɓen kifi, daga baya magana ta zama ka ce na ce. Matan da ke yi mini aiki suna kirana soja a bayan idona. Na sani, kuma ban taɓa hana su ba.

Biyu daga cikinsu ne labarin nan ya shafa. Ta farko tsohuwa ce, kowa Kaka yake ce mata. Ba haihuwar Tamale ba ce. Daga wani ƙauye ta zo shekaru masu yawa da suka wuce, bayan mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Tana haya a wani ɗan ɗaki a gidan da ke bayan namu. Ita ke kula da wutar banda, kuma ban taɓa ganin wanda ya san hayaƙi kamarta ba. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi, ba ta sa mata gishiri. Ta biyu yarinya ce sabuwar aure, mai fara'a da saurin baki, ɗauke da cikin fari. Cikin ya fito sosai amma bai isa haihuwa ba. Mijinta yana tuƙa keken nan mai ƙafa uku da muke kira yalo-yalo.

Lokacin zafi ne, kafin ruwan farko. Duk wanda ya zauna a Tamale ya san wannan lokaci. Famfo ya daɗe bai kawo ko ɗigo ba, kowa da jarkarsa yana yawon nema. Ruwan aiki nakan sa a kawo mini a duro, amma na sha kowa nasa yake zuwa da shi. Kaka tana da wata 'yar jarka da take ɗaukowa a ka daga wata rijiyar burtsatse mai nisa, ta ajiye ta a inuwar bango. Wata ranar Litinin da yamma ta je sha ta tarar ruwan ya yi ƙasa.

Ta ce, "Wa ya taɓa mini ruwa?"

Yarinyar ta ce, "Ni ce, Kaka. Kaɗan na tsiyaya na ɗauraye roba. Ruwa ne fa, ba turare ba."

Sauran matan suka yi dariya. Kaka ta dube ta, ta ce, "Ruwa ne ko? To, ki ci gaba. Za ki gani."

Ina wurin, da kunnena na ji. Abin da na fahimta shi ne, ranar da ƙishi ya kama ki za ki san darajarsa. Haka tsofaffi suke magana. Na yi wa yarinyar faɗa, na ce ta cika wa Kaka jarkarta daga nawa, aka tashi daga aiki. Babu wanda ya sake tuna zancen.

Washegari da safe muka buɗe sabbin kaya. A wannan karon irin kifin da na saba saye ya yi wuya, sai aka aiko mini da wani iri daban, ƙanana masu ƙyalli, aka ce daga wani teku mai nisa suka fito. Yarinyar ce ke kan robar jiƙo. Aikinta ta sa dunƙulen kifin a ruwa, in ƙanƙarar ta saki ta rarrabe su ɗaya-ɗaya. Ina can ina duba wuƙaƙe na ji ƙararta. Da na juyo, na ga ta jawo wani dogon abu daga tsakiyar dunƙulen, ta yar da shi, ta yi baya da sauri. Kujerar tsugunno ta harɗe ta, ta faɗi, ƙugunta ya bugi bakin wata robar. Da aka ɗaga ta sai muka ga jini a zanenta.

Abu na farko shi ne mara lafiya. Na tare yalo-yalo a bakin titi, na haɗa ta da mata biyu suka tafi asibiti, na aika a gaya wa mijinta. Sai bayan sun tafi na koma na duba abin da ke ƙasa.

Maciji ne. Tsawonsa ya kai hannuna daga kafaɗa har yatsu, ko ya ɗan fi. Launin toka ne da zobba baƙaƙe tun daga wuya har wutsiya. Kansa ƙarami, tsakiyar jikinsa kuwa ya yi kauri. A sandare yake, da sauran ƙanƙara a jikinsa. Na san kasa, na san kububuwa, na san gamsheƙa, na taɓa ganin mesa. Wannan bai yi kama da ko ɗaya ba.

Kafin in ɗago, gida ya cika. A wurinmu in an kashe maciji ko an tsinci gawarsa, sare kai ake yi a jefa shi a wuta, a kawar da shi daga idon mutane. Ga wutar banda kuwa tana ci. Wani maƙwabcina ya riga ya zo da adda, wani ya ɗauko sanda zai ɗaga shi.

Na ce, "A ajiye shi."

Maƙwabcin ya ce, "Hajiya, irin wannan ba a barinsa ya kwana a gida."

Na ce, "Daga katan ɗina ya fito. Abin da ya fito daga katan sai mai kawo kaya ya gani."

"Har maciji?"

"Doka ba ta ce ban da maciji ba."

Na sa maƙatar juya kifi na tura shi cikin leda, na ƙara wata ledar, na ƙulle, na sa a ƙasan ƙaramar firiza, na kulle, na ɗaure makullin a haɓar zanena. Kada mai karatu ya zaci wani hangen nesa na yi. Ban san komai a kan macijin ba. Doka ce na kafa, kuma ba na karya dokata don mutane sun taru suna kallona.

Da azahar mijin yarinyar ya dawo daga asibiti. An ce jinin ya tsaya, amma dole ta kwanta ba motsi, kuma ba a ba da tabbaci a kan cikin ba. Idanunsa sun yi ja. Kafin ya iso an riga an sanar da shi faɗan ruwa, an kuma maimaita masa kalmomin nan uku na Kaka. Ya tsaya a tsakar gidana yana nuna Kaka da yatsa.

Ya ce, "Jiya ta ce mata za ta gani. Yau ga shi ta gani. Me ya rage kuma?"

Daga nan magana ta yi ta haihuwa. Wata mata ta ce ai ta taɓa ganin maciji yana fitowa daga ƙarƙashin ƙofar Kaka da sassafe, ya nufi wajen gidana. Wata ta ce dama wa ya san abin da ya ci 'ya'yanta a ƙauye. Ba wanda ya furta kalmar da farko, sai can wani daga baya ya ce mayya, kuma da ta fito ba ta koma ba. Mijin ya ce bai yarda ta ƙara kwana a unguwar ba, a mayar da ita ƙauyensu. Duk wanda ya san arewacin ƙasar nan ya san abin da ke jiran tsohuwar da aka mayar gida da wannan suna. Danginta ma ba za su karɓe ta ba. Ƙarshenta wani ƙauyen da ake tara irinsu, ta mutu a can cikin baƙi.

Kaka tana zaune a gaban murhunta, tana gyara itace.

Na ce wa mijin, "Ɗana, zauna ka ji. Komai da layinsa. Yanzu matarka ce a gaba. In ta samu sauƙi, mai kawo kaya zai zo ya ga abin da ya kawo. Bayan nan a kira liman. Sai an yi waɗannan za a yi maganar wa zai tashi, wa zai zauna."

Ya ce, "Hajiya, ba matarki ba ce a kwance."

Na ce, "Gaskiya ne. Amma gidana ne kake tsaye a ciki."

Ya fita bai yi sallama ba. Mai gidan da Kaka ke haya ya aiko cewa shi ba ya son fitina, don haka na sa ta dawo ɗakin da nake ajiye gawayi, na share mata shi. Da ta zo, da ƙunshi ɗaya ta zo: zannuwanta, kwanonta, da carbi, duk a ɗaure cikin wani tsohon mayafi. Ta ajiye shi a bakin ƙofa daga ciki. Na ce ta kwance ta jera kayanta. Ta ce a bar shi haka, ba ta son in an zo a tsaya jiranta.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi nauyi. Masu saye suka ɗauke ƙafa. Matan aiki suka daina zuwa sai ɗaya. Na kira direban, ya yi dariya a waya ya ce shi katan yake ɗauka, ba ya leƙa ciki, kuma ba zai hau arewa ba sai wani makon. Ni kaina ban san abin da zan ce ba. Ban yarda Kaka ta yi ba, amma da za a tambaye ni yadda maciji ya shiga tsakiyar ƙanƙara, ba ni da amsa. Wanda ba shi da amsa kuwa, ƙarfin muryarsa kwana nawa zai yi?

Ranar Alhamis wata mai sayen kifi ta zo kamar yadda ta saba. Malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare, tana zaune a Vittin, takan biyo ta wurina a kan babur in ta tashi aiki. Madam muke ce mata. Ta ga wurin shiru, ta tambaya, na gaya mata komai a jere. Ta ce ko za ta iya gani. Sai na ga dokata ta hana zubarwa ne, ba ta hana kallo ba. Na buɗe firiza.

Ta daɗe tana dubawa. Ta sa tsinken tsire ta juya shi, ta leƙa cikinsa, ta leƙa kansa, ta tsaya a kan wutsiya. Sai na ga fuskarta ta washe kamar wadda ta haɗu da 'yar uwarta a tasha.

Ta ce, "Hajiya, shekara da shekaru ina koyar da wannan a hoto, ban taɓa ganinsa da idona ba. Macijin teku ne. Ba ya rayuwa a tudu. Ko a tekunmu na Ghana ma babu shi. Don Allah ki ba ni in kai makaranta in sa a kwalba."

Na ce, "Zan ba ki. Amma sai kin faɗi wannan a gaban mutane."

Ta ja da baya. "Ni malama ce, Hajiya, ba alƙali ba. Maganar maita ba a shiga da littafi. Su juyo kaina fa?"

Na nuna mata ƙofar ɗakin gawayi. Kaka tana zaune a ciki, ƙunshinta a gefenta. Na ce, "Ba na ce ki yi hukunci ba. Abin da kika gaya mini yanzu, shi za ki maimaita. Ko ƙari ba na so."

Ta dubi Kaka, ta dubi agogonta, ta ce gobe bayan la'asar.

Na je da kaina na gayyato liman, na aika wa mijin yarinyar, na aika wa matar da ta ce ta ga maciji a ƙofar Kaka. Sauran ba sai an gayyace su ba. Na sa aka fito da teburin da muke gyaran kifi tsakar gida, na wanke shi, na fitar da macijin tun da hantsi don ya saki. Na shimfiɗa wa liman tabarma a inuwa. Kaka ta zauna a bakin ƙofarta.

Madam ta fara da gargaɗi. Ta ce kada kowa ya kai hannu kusa da bakinsa, domin dafin irinsu ya fi na yawancin macizan tudu ƙarfi, kuma mutuwa ba ta kashe dafi. Mutane suka ƙara ja baya. Sannan ta ɗaga wutsiyar da tsinke.

Ta ce, "Wa ya taɓa ganin maciji mai irin wannan wutsiya?"

A baje take, faffaɗa, ba tsini. Wani tsoho da ya taɓa zama a bakin kogi wajen Yapei ya ce ta yi kama da filafilin tuƙa kwalekwale. Madam ta ce aikinta ke nan. Ta nuna hancinsa, ba a gefe yake ba, a saman kai yake, kuma ta ce yana da ɗan murfi da ke rufewa in ya nutsa. Sannan ta juya shi rigingine. Ta tambayi maza yadda cikin kasa ko gamsheƙa yake. Suka ce ɓawo ne manya-manya a jere kamar matakala. Ta ce da su maciji ke kama ƙasa yana jan jiki. Aka duba na wannan, babu. Ƙananan ɓawo ne kamar na bayansa, cikin ma ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ya yi kaifi kamar ƙasan kwalekwale.

Ta ce, "In aka ajiye wannan a tsakar gidan nan da ransa, ba zai kai bakin ƙofa ba. Birgima zai yi ta yi a wuri ɗaya har rana ta kashe shi."

Liman ya juya wajen matar nan ya ce, "Baiwar Allah, shi kika gani yana tafiya daga ƙofar tsohuwa?"

Ta ce ita dai ta ga wani abu, da duhu-duhu ne. Ta gyara mayafinta, ta koma bayan mutane.

Mijin yarinyar bai sauko ba. Ya ce, "To, na ji daga teku yake. Mai irin wannan aiki nisa yana hana ta? In ta so ba za ta kira shi daga can ba?"

Madam ta dube ni. Nan iliminta ya tsaya, ta faɗi haka tun farko. Ni kuwa sai na ga abin da ke kan teburina abu ne da ya fito daga katan, kuma abin da ya fito daga katan na san yadda ake bincika shi. Na ɗauko wuƙata daga ƙusarta. Na danne kan da maƙata, na yi bismilla, na tsaga shi daga wuya zuwa ƙasa kamar yadda nake tsaga tarwaɗa.

Abu na farko da na lura, ba shi da jan abin nan da ke ƙarƙashin kunnen kifi, wanda kifi ke numfashi da shi. Madam ta nuna wata doguwar jaka siririya da ta bi kusan tsawon jikinsa, ta ce huhu ne. Iska yake shaƙa kamar mu. Yakan hau sama ya cika shi, ya nutsa ya daɗe yana farauta, sannan dole ya sake hawowa. Na buɗe tumbinsa, na fito da wani ɗan kifi dogo da ya fara narkewa, irin wanda babu shi a kogunanmu. Sai na gangara wurin kaurin nan na tsakiya. Na zaci ƙwai zan samu, ko kitse.

'Ya'ya ne. Kowanne a naɗe cikin 'yar jakarsa, da zobbansa baƙaƙe, da 'yar wutsiyarsa a baje kamar ta uwar. Sun gama haɗuwa, fitowa kawai ta rage. Na jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ban san lokacin da hannuna ya rage sauri ba.

Wata daga cikin matan ta ce a hankali, "Ashe mace ce. Ciki gare ta."

Madam ta ce yawancinsu ba sa yin ƙwai, a cikin ruwa suke haihuwa, ɗan yana fitowa ya hau sama ya shaƙi iskarsa ta farko. Liman ya tambaya me ya kashe ta. Ta ce ga alama ragar jirgin kamun kifi ce ta kwaso ta tare da kifin, aka yi ta jan ragar a ƙarƙashin ruwa, ba ta samu hawowa ba. Nutsewa ta yi.

Sai na yi magana a kan abin da na sani. Na ce wa mijin, irin wannan kifi ba jiya aka kama shi ba. A cikin jirgi ake daskarar da shi, ya yi tafiyar teku, ya kwanta a ɗakin sanyi a Tema, kafin ya hau mota zuwa nan. Watanni ake yi. Kuma shi da kansa ya sha ɗauko mini katan daga tasha, ya san ba ƙarya nake ba.

Na ce, "Wannan baiwar Allah ta mutu tun kafin famfonmu ya ɗauke. Tun kafin a taɓa jarkar Kaka. Wataƙila tun kafin matarka ta san tana da ciki. Ka ce mini an kira ta ne saboda faɗan ran Litinin?"

Idonsa na kan 'ya'yan da ke jere a tebur. Na san abin da yake gani, kuma ba macizai ba ne. Can ya zauna a kan duro, ya rufe fuskarsa da hularsa. Liman ya yi gajeriyar nasiha a kan zato, ya ce tsohuwa ta koma ɗakinta, duk mai magana ya zo ya same shi. Ya yi wa mara lafiya addu'a, aka shafa.

Mutane sun fara watsewa ke nan Kaka ta taso. Tun ranar da abin ya faru ba ta matso kusa da macijiyar ba. Ta tsaya a bakin tebur ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambayi Madam, da Hausarta ta kasuwa, "Wannan, wane ruwa yake sha? Teku ba gishiri ba ne?"

Madam ta ce tambaya ce mai kyau. Ta ce suna da wata hanya a ƙarƙashin harshe da suke fitar da gishirin da ya yi musu yawa, amma duk da haka ruwan teku ba ya kashe musu ƙishi. Jira suke yi. In an yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwan daɗi yakan kwanta a saman na gishiri na ɗan lokaci kafin su gauraya, sai su hau su sha. In ruwa ya yi jinkiri, haka za su yi ta zama da ƙishi, wata da watanni.

Kaka ta gyaɗa kai. Ta ce, "Yana cikin ruwa, yana jin ƙishi." Ta dubi bayan mutanen da ke fita, waɗanda ta yi shekaru tana gaisawa da su kowace safiya, ta je sunan 'ya'yansu, ta yi musu wankan gawa. Ta ce, "Na san wannan."

Ta roƙi abu ɗaya, in za a sa uwar a kwalba a sa ta tare da 'ya'yanta. Madam ta yi haka. Direban ya zo a makon da ya ce, na kai shi har makarantar ya gani da idonsa, domin doka doka ce.

Yarinyar ta fito daga asibiti, ta haihu lafiya da damina ta sauka, namiji. Ta rantse ita ba ta taɓa zargin Kaka ba, kuma na yarda da ita. Mijin bai taɓa buɗe baki ya ba da haƙuri ba. Amma tun daga lokacin, duk ranar da famfo ya ɗauke, Kaka takan tarar da jarka biyu cike a ƙofarta, an sauke su daga yalo-yalo. Takan sha, ba ta taɓa cewa ta gode ba, shi ma bai nema ba. Sau da yawa ina tambayar kaina, da cikin nan ya zube fa? Ko wutsiya da huhu za su ishi mutane hujja? Ban sani ba. Na dai gode wa Allah da bai gwada mu da wannan ba.

Kaka ba ta koma wancan gidan ba, a ɗakin gawayina ta zauna har ƙarshen ranta. Ta ci gaba da kula da wuta, mutane suka ci gaba da gaishe ta kamar ba a yi komai ba. Ranar da ta rasu na shiga in haɗa kayanta, na tarar ba abin da zan haɗa. Ƙunshin nan yana bakin ƙofa daga ciki, a ɗaure cikin tsohon mayafi. Takan ciro abin da take so, ta mayar, ta sake ɗaurewa. Duk shekarun nan a shirye take a zo a ce ta tashi.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa 'yan aikina. In abu ya ba ka tsoro, kada ka yi saurin jefa shi a wuta. Ajiye shi, ka nemo wanda ya san shi, a buɗe a gani. Da an ƙone macijiyar nan da safiyar nan, da an ƙone shaidar tsohuwa tare da ita. Amma ko an ajiye, ko gaskiya ta fito, kalmar da aka jefi mutum da ita ba ta komawa baki. Mun wanke Kaka a gaban liman da jama'a, ba mu iya sa ta kwance ƙunshinta ba. Don haka a gidana na ƙara doka ɗaya a kan na da, na kuma sa ta a gaba da duka: a fara dubawa, sannan a yi magana.